Su Huɗu a Bayan Motata

Daren Juma'a a Hull, ruwa na tsiyaya kamar an manta famfo.
Na ja mota bakin mashayar da ke kallon tsohuwar tasha,
inda jiragen kifi suka daina zuwa tun kafin in shigo ƙasar.
Su huɗu ne. Shekara tara ina jigilarsu,
da gangunansu da wayoyi masu kama da hanjin rago.
Fank ake kiran kiɗan:
a zuba fushi a gwangwani, a girgiza minti biyu, a buɗe.

Moira ce mai waƙa. Ta ba sittin baya,
zankonta kore shar, kamar zakara ya faɗa fenti.
Ubanta ɗan dako ne, da wasiƙa ɗaya aka sallame shi,
shi ya sa in ta kama makirfo
masu gidajen haya ba sa kwana lafiya.
Hagu take, hagun da ba ta san kwana ba.

Wanda ke buga mata ganga tana zagin,
Gethin,
gida uku ya ba haya a titin Hessle.
Ya san baitin da za ta ce a ƙwace su a raba,
nan ne ma yake ƙara wa sanda nauyi.
Na tambaye shi. Ya ce, waƙa waƙa ce, Tanimu,
gwiwata ta mutu, da me zan ci a tsufa?

Colm mai gita ya ce a rufe iyaka, an cika.
Ya hango idona a madubi,
ya ce, ban da kai, kai namu ne.
Na ce, na gode, na kunna sigina.
Shi ne dai ya kwana asibiti da ni
ranar da aka yi wa ɗiyata aiki,
da shayi a kofin takarda, bai ce uffan ba har asuba.
Ban san aljihun da zan sa waɗannan biyun tare ba.

Ita kuwa Bronagh, ƙaramarsu,
ba ta taɓa dangwala wa kowa ba.
Ta ce duk kanwar ja ce,
a rushe kujerar, kowa ya tsaya da ƙafarsa.
Amma duk Talata tana dafa wa mutum tamanin miya
a ɗakin ƙasa na wata majami'ar da ba ta yarda da ita ba.

A garinmu mawaƙi ya wasa ɗan takara,
a miƙo masa makullin mota.
Nan sai a zagi mai mulki har murya ta dushe,
a fito a yi karo-karon kuɗin mai.

Muna hawa gada gardama ta kaure.
Ke 'yar gurguzu! Kai ka sayar da kanka!
Shekara arba'in suna wannan faɗan,
ya zame musu goro.
Sai injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Na riƙe sitiyari, suka fita cikin ruwa.
Mai gidan haya a dama, mai zaginsa a hagu,
Colm na haki a tsakiya,
Bronagh na ƙirga musu kamar farkon waƙa:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Zankon Moira ya kwanta, koren na bin wuyanta.

Da ta tashi suka faɗo ciki suna ɗiga,
Moira ta dafa kafaɗata: kai fa, wa ka zaɓa?
Na ce, batir nake son saya.
Gethin ya laluba aljihu ya ce a rubuta masa bashi.